Yadda Za Ka Zaɓi Monitar Gem Bayan Ka Ƙara Wa Kwamfutarka Ƙarfi

Yawancin masu haɗa kwamfutar gem a Sakkwato a cikin akwatin suke zuba kuɗinsu: sabon katin hoto, wato wanda ke sarrafa hoton gem, ƙarin RAM, SSD, wani lokaci har da sabuwar firosesa. Monita kuwa sai a bar tsohuwar nan ta ofis mai inci 19 ko 22. Irin wannan monita sau 60 kawai take sabunta hoto a sakan guda, wato 60Hz. Ko da katinka yana fitar da hotuna 150 a sakan, cikakkun hotuna 60 kaɗai za su iso idonka. Ka sayi ingarman doki ke nan ka bar shi ɗaure a turke.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ramin. Su ne waɗanda ke jin an ce 4K, monita mai ɗimbin ɗigon hoto, ta fi, su kinkimo babbar monita, sai su tarar katin nasu ba zai iya ciyar da ita ba, gem ɗin da a da yake tafiya sumul ya koma yana cijewa. Maganin duka biyun ɗaya ne: katin da ke cikin akwatinka shi zai faɗa maka monitar da za ka saya, ba mai shago ba, ba kuma rubutun jikin kwali ba.

Auna katinka tukuna

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, ka san hotuna nawa kwamfutarka ke fitarwa a sakan, abin da 'yan gem ke kira fps. Buɗe gem biyu ko uku da ka fi bugawa, ba waɗanda kake burin bugawa wata rana ba. Shiga saitin hoton gem ɗin ka kashe V-Sync, saitin da ke ɗaure fps da gudun monita, don in yana kunne lambar ba za ta wuce 60 ba, sai ka zaci iyakar ƙarfin katin ke nan. Daga nan ka kunna ma'aunin fps. Steam, manhajar saye da buga gem, na da nasa a cikin saiti, manhajojin Nvidia da AMD, kamfanonin katin hoto, ma suna da nasu, haka kuma in ka danna maɓallin Windows tare da G za ka ga wani. Ka buga na minti 15 ko 20, ka sa ido a kan lambar a lokacin da fili ya cakuɗe, ana harbi, hayaƙi na tashi, motoci na wucewa. Lambar da kake gani a wannan lokacin ita ce ta gaskiya, ba wadda kake gani kana tsaye kana kallon bango ba.

Akwai dabarar da ba kowa ya sani ba, kuma kyauta ce. Kana iya gwada yadda katinka zai yi da monitar 1440p, mai ƙarin ɗigon hoto, alhali kana kan tsohuwarka ta 1080p. A katin Nvidia, shiga Nvidia Control Panel, ka je Manage 3D settings, ka nemi DSR Factors, ka zaɓi 1.78x. A katin AMD kuma ka kunna Virtual Super Resolution a cikin manhajarsu ta Adrenalin. Da ka koma gem za ka ga 2560×1440 ta bayyana cikin jerin zaɓi. Hoton ba zai yi kaifin na ainihin monitar 1440p ba, amma nauyin da ke kan katin kusan iri ɗaya ne, don haka fps ɗin da ka gani shi za ka samu bayan ka saya. In ya faɗo ƙasa da 60 a gem ɗin da ka fi so, ka riga ka sami amsa ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Yawan ɗigo da faɗin allo

Hoton monita tarin ƙananan ɗigo ne, kuma kowane ɗigo sai katin ya yi masa lissafi. Monitar 1080p, wato 1920×1080, tana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Ta 1440p, wato 2560×1440, tana da kusan miliyan 3.7, ƙarin aiki na kashi 78 cikin ɗari ke nan. Ta 4K, 3840×2160, tana da kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p cif. Shi ya sa katin da ke ba ka fps 120 a 1080p yake iya komawa ƙasa da 50 a 4K.

A taƙaice, katuna irin su GTX 1660, RX 6600, RTX 3060 da RTX 4060 gidansu 1080p ne, ko da yake biyun ƙarshe suna taɓa 1440p in an sassauta saiti ko an kunna DLSS, fasahar Nvidia da ke lissafa hoto a ƙarami sannan ta faɗaɗa shi don rage wa kati nauyi. RTX 4070 da RX 7800 XT su ne na 1440p sosai. 4K mai gudu kuwa sai irin su RTX 4080 da RX 7900 XTX zuwa sama, kuma masu irin waɗannan ba su da yawa a cikinmu.

Faɗin allo dole ya tafi tare da yawan ɗigo. A inci 24, 1080p tana ba da kimanin ɗigo 92 a kowane inci, hoto ya fito garau. In aka shimfiɗa wannan 1080p ɗin a kan inci 27 sai ya sauko zuwa 82, rubutu ya fara nuna haƙora a gefe. A kan inci 32 kuwa abin ba ya kallo daga kusa. Irin waɗannan manyan monitoci masu 1080p sun cika kasuwa saboda girmansu na ɗaukar ido kuma farashinsu da sauƙi, amma a kan tebur, inda fuskarka ba ta wuce santimita 70 daga allo ba, hasara ce. Inci 27 da 1440p, mai ɗigo kusan 109 a inci, shi ne haɗin da ya fi dacewa da mafi yawan wanda katinsa zai iya ɗauka, musamman ɗalibi ko ma'aikacin da zai yi rubutu, zane ko gyaran bidiyo da rana, ya buga gem da dare.

Kada ka ce za ka sayi 1440p ka riƙa saukar da gem zuwa 1080p kafin ka sami kuɗin sabon kati. Lambobin biyu ba sa rabuwa daidai, don haka monitar sai ta shafa hoton ta cike giɓi, ya fito dishi-dishi fiye da yadda zai fito a kan ainihin monitar 1080p. In dole ce, gara ka bar gem a 1440p ka kunna DLSS ko FSR, takwararta ta AMD.

Hz nawa ya isa

A 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7 kafin na gaba ya zo. A 144Hz milisakan 6.9 ne, a 240Hz kuma 4.2. Duba da kyau: daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan 10, daga 144 zuwa 240 kuwa bai kai 3 ba. Tsallen farko kowa zai gan shi, ko da jan linzamin kwamfuta ne kawai a kan allo. Na biyu sai wanda ya ƙware a irin su Valorant ko Counter-Strike 2, kuma firosesarsa na iya tura hotuna sama da 200 ba faɗuwa. Ga mai buga EA Sports FC, eFootball, GTA V ko Warzone, tsakanin 144 da 180Hz ya wadatar, ragowar kuɗin a sa shi a allo mai kyau da kariyar wuta.

Wani abu kuma: Hz ba ya gyara intanet. In a gem ɗin kan layi ɗan wasanka yana tsalle-tsalle ko harbinka na makara, ka duba lambar ping, wato jinkirin saƙo tsakaninka da sabar gem. Matsalar tana tsakanin layinka da sabar da ke Turai ko Afirka ta Kudu, ba monitar da za ta kawar da ita.

Abin da bai kamata ka bari ya wuce ka ba shi ne FreeSync ko G-Sync. Katin ba ya fitar da hotuna da gudu ɗaya, yanzu 130, an jima 95. In monita na tafiya da nata gudun daban, sai ka ga hoto ya yage a tsakiya, sama da ƙasa ba su haɗu ba. Wannan fasaha tana sa monita ta riƙa bin takun katin. FreeSync ta AMD ce, G-Sync ta Nvidia, amma tun 2019 katunan Nvidia daga jerin GTX 10 zuwa sama suna aiki da yawancin monitocin FreeSync ta wayar hoto da ake kira DisplayPort. Saboda haka ba sai ka biya kuɗin G-Sync na musamman ba. In ka ga an rubuta FreeSync Premium ko G-Sync Compatible, ya yi.

Irin allon

Iri huɗu za ka tarar. TN shi ne tsohon yayi: yana da sauri, amma da ka ɗan karkata kai launi ya ɓaci, kuma yanzu ba wani dalilin sayensa sai in arha ta yi arha. IPS yana da launi mai kyau daga kowane gefe, wanda ke da amfani a ɗakin da abokai uku ko huɗu ke zagaye tebur suna jiran layin buga ƙwallo. Rauninsa shi ne baƙi: bambancin farinsa da baƙinsa wajen 1000:1 ne, don haka in ka kashe fitila da dare baƙin yakan koma toka-toka, kusurwoyi suna ɗan sheƙi. VA ya fi shi a nan nesa ba kusa ba, yakan kai 3000:1 ko fiye, fim da wuraren duhu suna yin kyau ƙwarai. Amma VA mai arha yana da jinkiri wajen tashi daga baƙi zuwa wani launi, sai ka ga abu mai duhu yana jan jela a bayansa in ka juya da sauri. Yawancin lanƙwasassun monitoci masu sauƙin kuɗi VA ne, ka gwada su da wuri mai duhu kafin ka yanke shawara.

OLED ya fi su duka a baƙi da sauri, sai dai tsada, ga kuma haɗarin tambari: abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasan Windows ko allon ƙidayar ƙwallaye, yana iya barin inuwarsa har abada, kuma zafi na ƙara saurin lalacewar irin wannan allo. A ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, ba ma ba da shawararsa. Ga yawancin mutane a nan, IPS mai sauri shi ne zaɓin da ba a nadama.

Rubuce-rubuce biyu na jikin kwali kada su ruɗe ka. Na farko 1ms, wai saurin sauya launin ɗigo ke nan: kusan kowace monita tana ɗauke da shi, amma yawanci ana samun lambar ne da saitin da ba mai iya buga gem da shi, ko kuma da wani ma'auni daban, MPRT, wanda saitinsa ke rage haske sosai. Na biyu HDR 400: monitar tana karɓar siginar HDR, wato hoto mai ƙarin haske da zurfin duhu, amma ba ta da hasken da za ta nuna shi yadda ya kamata. Kada ka ƙara ko kwabo saboda shi. Abin da ya fi amfani shi ne ƙarfin haske na yau da kullum. Da nit ake auna shi: nit 250 zuwa 300 ya isa ɗaki mai labule, amma in tagarka na fuskantar rana ka nemi 350 zuwa sama, da allo mai dusasshiyar fuska, ba mai ƙyalli kamar madubi ba.

Waya da rami

A nan ake yawan yin asarar abin da aka riga aka biya. HDMI 2.0 tana ɗaukar 1440p har 144Hz, amma 4K a 60Hz take tsayawa. DisplayPort 1.4 ta fi ta faɗi, tana kai 4K a 120Hz, da matse hoto na DSC ma ta wuce haka. HDMI 2.1 ce ke kai 4K a 120Hz ta ɓangaren HDMI. Monitoci da yawa da aka rubuta wa 165Hz ko 180Hz ta DisplayPort kaɗai suke kai wannan lambar. Don haka ga kwamfuta, DisplayPort ce ta farko. Ka tabbata wayar tana cikin kwali, in babu ka saya tun a shagon ka gwada ta a nan. Waya maras kyau alamarta ita ce allo ya riƙa ɗaukewa na sakan ɗaya ko biyu yana dawowa, ko ƙananan ɗigo masu walƙiya su bayyana. Na'urar juya HDMI zuwa VGA kuwa ka manta da ita gaba ɗaya.

Mai PS5 a gida ya lura: ba ta da DisplayPort, HDMI kawai gare ta. In kana son monita ɗaya ta yi maka aiki biyu, ka tabbata ramin HDMI ɗinta na karɓar 120Hz.

Wuta, zafi da ƙura

Juya monitar ka karanta takardar da ke manne a bayanta ko a jikin adaftarta. Ka nemi 100–240V. Kayan hannu da aka yi don kasuwar wata ƙasa wani lokaci 100V ko 120V kaɗai suke ɗauka, wutarmu kuwa 230V ce. In monitar mai adafta ce a waje, ka tabbata ta asali ce, ko aƙalla bolt ɗinta daidai yake da wanda aka rubuta, amfiya kuma ba ta gaza ba. Adaftar da ta gaza tana sa allo ƙiftawa ko mutuwa da zarar an ƙara haske. Amma irin wannan monita tana da wata fa'ida a wurinmu: in wuta ta yi ɓarna, sau da yawa adaftar ce ke ƙonewa, a sauya ta a ci gaba.

Monitar inci 24 zuwa 27 takan ci tsakanin wat 20 da 45, ba ita ce ke shanye batirin sola ba, akwatin ne, wanda da kati matsakaici yake iya jan wat 300 zuwa 400 ana tsakiyar gem. Ka haɗa su biyun in za ka sayi UPS, na'urar batiri da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Ƙaramin nan na 650VA ainihin ƙarfinsa bai kai wat 400 ba, da NEPA ta ɗauke kana cikin gem sai ya yi ƙara ya mutu tare da komai. Wajen 1500VA ne ke ba da sarari. In da inbata kake aiki, mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave, ita ta dace da irin waɗannan kaya. Lokacin juyawa daga NEPA zuwa janareto ka kashe soket tukuna, sai injin ya daidaita ka kunna. Da damina in hadari ya haɗo ana tsawa, zare filogi ya fi kowace kariya.

Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa monita ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba. Ɗaki mai rufin kwano a Mabera ko Arkilla da azahar ɗin bazara yana kaiwa nan. Kada ka manna bayanta da bango, bar mata kamar santimita 10, kada rana ta riƙa dukanta ta taga, kuma rage haske zuwa rabi yana rage zafin da take tarawa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. In ka kashe ta ta huce, ka lulluɓe ta da ƙyalle. Wajen shara kada ka fara da gogewa, don ƙurar nan tana da yashi a ciki, tana karce fuskar allo. Ka fara hure ta ko ka kaɗe da buroshi mai laushi, sannan ka bi da tattausan ƙyalle mai ɗan danshin ruwa. Ban da sifirit, ban da ruwan goge gilashi, kuma ba a fesa komai kai tsaye a kan allo.

Gwaji kafin biya

Ko sabuwa ce a kwali ko ta hannu, kada kuɗi su bar aljihunka sai an kunna. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wanga 165 ne, ga shi nan a rubuce." Ka amsa masa da fara'a, ka ce a jona a gani. Ka zo da laftof mai ramin da zai iya, ko ka nemi a haɗa da kwamfutar shagon, da filashi mai ɗauke da hotuna biyar masu launi ɗaya: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Buɗe kowanne ya cika allo, ka matso kusa ka bi shi lungu-lungu. Mataccen ɗigo yana fitowa baƙi a kan fari, wanda ya maƙale kuma yana haske a kan baƙi. A kan baƙin ka kare hasken shago da jikinka ka duba gefuna, ko haske na tsiyayowa da yawa. A kan farin ka nemi tabo mai duhu ko rawaya, alamar an taɓa danne allon ko zafi ya taɓa shi.

Sannan ka shiga saitin Windows ka ga ko lambar Hz da aka faɗa tana cikin jeri, ka zaɓe ta, ka buɗe shafin TestUFO a intanet ka ga ko Hz ɗin da zai nuna ya yi daidai. Ka duba lambar samfurin da ke baya ka bincika ta a wayarka, don tsakanin samfuri biyu masu kusan suna ɗaya ana samun mai 75Hz da mai 144Hz. Ka gwada kowane rami da kowane maɓalli, ka bar ta a kunne na minti 20, don wasu matsalolin sai ta yi ɗumi suke fitowa. Kayan hannu sukan zo ba ƙafa. In bayanta na da ramukan kusoshi huɗu na VESA, yawanci 100×100, za ka iya sa mata wata. In babu, ka bar ta.

In a Sakkwato ba ka sami irin wadda kake so ba, sai an aiko daga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, ka sa mai sayarwa ya yi duk gwajin nan a kiran bidiyo, ya nuna maka lambar jikinta, kuma ku yi magana a rubuce kan wanda zai ɗauki asara in ta iso a fashe. A sa ta cikin kwalinta da soson da ta zo da shi, a tsaye, ba a kwance ba. Daga Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, buhu ɗaya aka ɗora mata a but ya isa. Ka buɗe ta a tasha a gaban wanda ya miƙa maka.

Bayan ka kai ta gida

Soka wayar a jikin katin hoto, ramukan da ke kwance a ƙasa, ba na madabod, wato uwar allon kwamfuta, da ke sama kusa da ramukan USB ba. Wannan kuskuren shi ke sa mutum ya ga gem na rarrafe ya zaci an cuce shi a kati. Sai ka shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka ɗaga Hz zuwa ƙarshe, domin sau da yawa Windows a 60 take barin sabuwar monita, akwai masu shafe watanni a haka ba su sani ba. A cikin gem ma ka duba, wasu suna da nasu saitin daban.

Kunna FreeSync ko Adaptive-Sync a maɓallan jikin monitar, sannan ka kunna shi a manhajar katin. Ka ƙayyade fps ya tsaya ƙasa da iyakar monitar da kamar 3, wato 141 ga mai 144Hz, 162 ga mai 165Hz, don kada ya tsallake iyaka yagewar hoto ta dawo. Saitin da ake kira Overdrive ko Response Time ka bar shi a tsakiya. In ka kai shi ƙarshe za ka ga wani farin zobe yana bin gefen duk abin da ke motsi. Tsayin allo kuma, bakinsa na sama ya yi daidai da idonka ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan, nisansa kamar tsawon hannunka in inci 24 ce, ka ƙara ja baya kaɗan in 27 ce. Kwalin da soson ka adana su a inda gara ba za ta kai ba, don ranar da za a mayar da ita shago ko a yi ƙaura da ita.